Yadda Ake Tsara Na'urori da Hanyar Sadarwa Domin Mashigar Saƙonnin Tes a Saudiyya

Duk da yaɗuwar WhatsApp, saƙon tes ne kaɗai ke isa kowace irin waya ba tare da data ba, har ƙaramar wayar da dattijuwa ta taho da ita daga Katsina ko Maraɗi. Shi ya sa 'yan'uwanmu da ke kula da sadarwa a kamfanonin hidimar alhazai, da ƙananan asibitoci, da shagunan da ke da dubban abokan ciniki a Makka da Madina da Jidda, suke buƙatar mashigar saƙo, wato kwamfuta da manhajar da ke karɓar saƙonni daga tsarin ofis, ta jera su, ta miƙa su ga cibiyar saƙonni ta kamfanin waya, sannan ta karɓo rahoton isarwa. Galibi masu son kafa ta sukan fara da tambayar wace kwamfuta za a saya da kuma intanet mai megabit nawa za a ja. Waɗannan tambayoyi biyu su ne mafi sauƙin amsawa, kuma amsarsu ba ta fitowa sai an gama wani lissafi da ya gabace su.

Mataki na farko: lissafin lokacin da aiki ya fi cunkushewa

Jimillar saƙonnin wata tana da amfani wajen kasafin kuɗi, amma ba ta faɗin girman tsarin da ake buƙata. Abin da ke faɗin hakan shi ne yawan saƙonnin da dole su fita a cikin mintoci mafi matsi na shekara. A ɗauka kamfani yana da lambobin alhazai 6,000, kuma a ranar 8 ga Zulhajji yana son sanar da su lokacin tashin motoci zuwa Mina a cikin minti goma. A kallon farko saƙo 6,000 a sakan 600 yana nufin saƙo 10 a kowane sakan, sai dai kamfanin waya yana ƙirga shafi ne, kuma a nan ne masu rubutu da Hausa da Larabci suka fi faɗawa cikin kuskuren lissafi.

Shafin saƙon tes guda yana ɗaukar bayit 140. Idan duk haruffan saƙon suna cikin jerin haruffan GSM mai bit 7, shafin zai ɗauki harafi 160, idan kuma saƙon ya wuce shafi ɗaya kowane shafi zai koma 153, domin ana cire wani gurbi a rubuta bayanin da waya za ta yi amfani da shi wajen haɗa shafukan. Da zarar harafi ɗaya tak ya fita daga wancan jeri, dukkan saƙon yana komawa tsarin UCS-2, inda shafi ke ɗaukar harafi 70 kawai, ko 67 idan shafukan suna da yawa. Larabci baki ɗayansa yana tafiya a UCS-2. Haruffanmu masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, su ma ba sa cikin jerin GSM. Akwai kuma wani abu da ke ɓoyewa ga ido: alamar da ake sawa a kalmomi irin su jama'a da sa'a, idan miƙaƙƙiya ce tana cikin jerin, amma manhajojin rubutu irin su Word sukan mayar da ita lanƙwasasshiya da kansu, kuma wannan ba ta ciki. Sakatare zai iya kwafo sanarwa daga takarda, ya ƙara wa kamfani kuɗi da rabi ba tare da ya sani ba.

Idan sanarwar da muke misali da ita tana da harafi 180, a tsarin GSM shafi biyu ce, a UCS-2 kuwa shafi uku ce. Ke nan shafi 12,000 ko 18,000, wato shafi 20 ko 30 a kowane sakan. A ganina, sanarwar da ta shafi lokaci da wuri ta cancanci a rubuta ta da Hausa ingantacciya ko da kuɗin ya ƙaru, domin bambancin kafa da ƙafa na iya rikita mai karatu, amma shawarar ta shugabannin kamfani ce, kuma ya kamata a yanke ta tun kafin a sa hannu a kan yarjejeniya. Ka ɗauki adadi mafi girma, ka ƙara masa kashi ɗaya cikin uku domin saƙonnin da za a sake turawa da sauran ayyukan yau da kullum. A misalinmu hakan ya ba da shafi 40 a sakan, kuma duk sauran lissafi a kan wannan adadi zai tsaya.

Mataki na biyu: modem mai sim ko haɗi da kamfani

Hanya mafi arha ita ce a sa sim a cikin modem a haɗa shi da kwamfuta, manhaja irin su Gammu ta riƙa ba shi umarni. Irin wannan modem yawanci ba ya wuce saƙo shida zuwa goma a minti. Ko da ya kai goma, shafi 18,000 zai ɗauke shi sa'a 30, lokacin alhazai sun riga sun bar Mina sun tafi Arfa. Tara modem da yawa ba mafita ba ce a Saudiyya, domin kowane sim yana ɗaure da igama, wato katin izinin zama, da hoton yatsan mai shi, kamfanonin waya suna rufe layin da suka ga yana tura saƙonni barkatai, kuma alhakin yana komawa kan mutumin da sunansa ke kan layin. Modem yana da gurbinsa a tsarin, wanda za mu zo kansa a gaba, amma bai dace da babban aiki ba.

Hanyar da ta dace ita ce yarjejeniya da kamfanonin waya na Saudiyya, wato stc ko Mobily ko Zain, kai tsaye, ko da ɗaya daga cikin kamfanonin tura saƙonni da ke da lasisin Hukumar Sadarwa da Sararin Samaniya da Fasaha, wato CST, wadda kafin 2022 ake kira CITC. Za a nemi rajistar kasuwancin kamfani, kuma dole a yi wa sunan mai aikawa rajista kafin ya fara aiki. Sunan ba ya wuce harafi 11, kuma wanda za a yi talla da shi ana liƙa masa AD a ƙarshe domin a bambanta shi da na sanarwa. Yana da kyau a yi rajistar suna biyu tun farko, kada a cakuɗa talla da sanarwar aiki, saboda mutanen da suka toshe tallace-tallace a layinsu ba za su ga abin da aka turo da sunan talla ba.

A wajen haɗi za a ba ka zaɓi tsakanin HTTP, hanyar da shafukan intanet ke bi, da SMPP, ƙa'idar da aka tsara musamman domin musayar saƙonnin tes da cibiyar kamfanin waya. HTTP ya fi sauƙin haɗawa da manhajar ofis, kuma ya ishi wanda ke tura 'yan saƙonni a sakan. SMPP, wanda sigarsa ta 3.4 ta fito tun 1999 kuma har yanzu ita aka fi amfani da ita, yana buɗe haɗi ɗaya da ke zama a buɗe, saƙonni da rahotanni suna kai da komo a cikinsa. Ga mai buƙatar shafi 40 a sakan shi ne ya fi dacewa. Abubuwa huɗu za ka tabbatar an rubuta a yarjejeniya: yawan shafin da aka yarda ka tura a sakan, yawan haɗin da za ka iya buɗewa a lokaci guda, girman taga (yawan saƙon da za ka tura kafin amsa ta dawo), da kuma ko ana buƙatar VPN, wato ɓoyayyar hanya ta musamman tsakaninka da kamfanin.

Mataki na uku: faɗin intanet da jinkirin kai da komo

Faɗin intanet ɗin da saƙon tes ke ci kaɗan ne ƙwarai. Kowane shafi yana haifar da ƙunshi huɗu a SMPP: turawa, amsar turawa, rahoton isarwa, da amsar rahoton. Idan aka haɗa su duka da kawunan TCP da IP, ba su cika kai kilobayit ɗaya ba. Shafi 40 a sakan ke nan kilobayit 40, wato kimanin kilobit 320 a sakan, ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na megabit guda. Ko an ninka wannan sau uku saboda VPN ko HTTP, megabit biyu da aka keɓe wa mashigar ya wadatar. Abin lura shi ne a keɓe shi da gaske a na'urar rarraba intanet, ta yadda ma'aikacin da ke sauke bidiyo ko kyamarorin tsaro da ke loda hotuna ba za su danne shi ba, kuma a duba gudun lodawa, domin shi mashigar ta fi amfani da shi, alhali kamfanoni gudun saukewa suke tallatawa.

Jinkiri shi ne abin da ke karya gudu. A SMPP akwai iyakar saƙonnin da za ka tura kafin amsar na farkonsu ta dawo, ita ake kira taga. A Kannel, ɗaya daga cikin manhajojin mashigar saƙo, ana saita ta da max-pending-submits, kuma idan ba a taɓa ta ba tana kan 10. Gudun da za ka samu shi ne girman taga a raba da tsawon lokacin da amsa ke ɗauka. Idan amsa tana dawowa cikin milisakan 50, taga mai 10 za ta ba da har shafi 200 a sakan. Idan kuwa kwamfutarka tana wata nahiya, ko cibiyar kamfanin ta yi nauyi, har amsa tana ɗaukar milisakan 300, gudun zai sauko zuwa 33, ƙasa da abin da muke nema, ko da layin intanet ɗin na gigabit ne. Magani ɗaya ne cikin uku: a nemi izinin faɗaɗa taga zuwa 20, ko a buɗe haɗi na biyu, ko a matso da kwamfutar kusa da cibiyar. Sannan ka saita iyakar gudu a mashigarka daidai da abin da aka rubuta a yarjejeniya, domin idan ka zarce, cibiyar za ta riƙa mayar maka da kuskure mai lamba 0x58, saƙonnin su koma jerin jira, aikin ya ƙara tsawo maimakon ya ragu.

Mataki na huɗu: kwamfuta, wuta da zafi

Da wannan lissafi a hannu, batun kwamfuta gajere ne. Injin sarrafawa mai ƙwaya huɗu, da RAM gigabayit 8, da Linux irin su Debian ko Ubuntu, sun fi ƙarfin wannan aiki. Kannel ba ta da nauyi ko kaɗan. Jasmin, wata manhajar mashiga da aka rubuta da Python, tana buƙatar RabbitMQ da Redis a gefenta, don haka tana ɗan ƙara cin RAM. Inda ya kamata a kashe kuɗi shi ne ma'ajiya: faifan SSD biyu a tsarin RAID 1, ta yadda idan ɗaya ya mutu ɗayan zai ci gaba. Idan aka ƙiyasta kilobayit ɗaya ga bayanin kowane saƙo, miliyan ɗaya a wata ya kai kimanin gigabayit ɗaya, ban da fihirisa da kundin ayyuka, don haka faifai mai gigabayit 250 zai daɗe. A Kannel ka tabbatar an kunna ajiyar jerin jira a kan faifai, kuma an mayar da ajiyar rahotannin isarwa zuwa MySQL ko PostgreSQL ko Redis, domin idan aka bar ta a cikin RAM duk rahoton da ake jira zai ɓace da zarar an sake kunna manhajar.

Ko a ajiye kwamfutar a ofis, ko a yi hayar ta a cibiyar bayanai. Oracle ta buɗe cibiyar girgije a Jidda a 2020, Google ta buɗe tata a Dammam a 2023, kuma akwai kamfanonin cikin gida masu bayar da haya. Haya a cikin ƙasa tana rage jinkiri, tana ɗauke wa mutum damuwar wuta da sanyi, kuma tana sauƙaƙa bin dokar kare bayanan mutane da ta fara aiki a watan Satumba na 2023 ƙarƙashin kulawar hukumar SDAIA, wadda ta gindaya sharuɗɗa a kan fitar da bayanan mutane zuwa waje. Lambobin waya da sunayen alhazai suna cikin irin waɗannan bayanai.

Wanda ya zaɓi ofis sai ya yi wa zafi shiri na musamman. A bazara zafin Makka yakan wuce digiri 45, alhali ɗakin na'urori ana son ya zauna tsakanin 18 da 27. Ƙaramin ɗakin ajiya da ake kashe masa na'urar sanyaya iska idan an tashi daga aiki ba wurin ajiye mashiga ba ne. Zafin ya fi cutar da batir ɗin UPS, na'urar da ke riƙe wuta idan an ɗauke, a kan kwamfutar kanta, domin batir mai dalma yana rasa kusan rabin shekarunsa a duk ƙarin digiri goma sama da 25. Wajen auna UPS, ka haɗa nauyin kwamfuta da na'urar rarraba intanet da akwatin faiba, domin babu amfanin kwamfuta ta rayu intanet ya mutu. Idan jimillar ta kai wat 100, UPS mai batir biyu na volt 12 da amfiya-awa 9 yana da wat-awa 216 a takarda, kuma bayan asarar juya wuta kada a sa ran ya wuce sa'a ɗaya da rabi. A kuma tuna cewa wutar Saudiyya tana kan hertz 60, ta Najeriya da Nijar da Sudan kuwa 50 ce, don haka duk UPS ko inbata da aka taho da shi daga gida sai an duba ko yana karɓar duka biyun.

Mataki na biyar: tsara hanyar sadarwa

Kusan duk kamfanin da zai ba ka haɗin SMPP zai nemi tsayayyen adireshin IP da zai sa a jerin waɗanda ya amince da su. Layin gida da layin 5G na yau da kullum galibi ba su da shi, da yawansu ma suna bayan wani tsari da ke haɗa abokan ciniki masu yawa a kan adireshi ɗaya. Idan ka duba na'urarka ka ga adireshinta na waje ya fara da 100 kuma lamba ta biyu tana tsakanin 64 da 127, to kana bayan wannan tsari, babu wanda zai iya iso ka daga waje, kuma rahotannin isarwa na HTTP ba za su same ka ba. Sai ka nemi layin kasuwanci mai tsayayyen adireshi.

Layi biyu ake so, daga kamfanoni biyu daban, kuma ta hanyoyi daban, misali faiba daga ɗaya da 5G daga ɗayan, saboda mai haƙa titi da ya yanke waya ɗaya kada ya yanke duka. A nan akwai tarkon da ake yawan mantawa: idan na'ura ta juya zuwa layi na biyu adireshinka ya canza, kuma idan ba a sa sabon a jerin amintattu ba, cibiyar za ta ƙi karɓar ka a daidai lokacin da ka fi buƙatarta. Ka miƙa adireshi biyun tun ranar farko.

SMPP yawanci yana bi ta kafa, wato ƙofar sadarwa ta kwamfuta, mai lamba 2775, kuma a asalinsa ba ya ɓoye komai, har kalmar sirri, wadda ba ta wuce harafi 8, a fili take tafiya. Saboda haka kada a bar shi ya ratsa intanet haka nan. A sa shi cikin TLS, tsarin ɓoye bayanai, wanda kafarsa ta rajista ita ce 3550, ko cikin VPN na IPsec, wanda ke buƙatar a buɗe UDP 500 da 4500. Idan aka ga haɗi yana buɗewa lafiya amma yana maƙalewa lokacin da aiki ya yi yawa, sau da yawa girman ƙunshi ne ya fi ƙarfin ramin VPN, kuma rage MTU, wato iyakar girman ƙunshi, zuwa wajen bayit 1400 yana warware shi. Katangar tsaro kuma takan rufe haɗin da ya daɗe shiru ba tare da sanar da kowa ba, shi ya sa ake barin enquire_link, ɗan saƙon da ke tabbatar da haɗin yana raye, yana tafiya duk sakan 30, kamar yadda Kannel ke yi tun asali.

Mashigar ta zauna a ɓangarenta na daban, nesa da Wi-Fi na baƙi da kwamfutocin ma'aikata. A Kannel an saba sa kafar gudanarwa a 13000 da kafar tura saƙo a 13013, a Jasmin kuwa 8990 da 1401, kuma ko ɗaya bai kamata ta kalli intanet ba. Sai adireshin manhajar ofis kaɗai za a bari ya isa gare su. Ɓarayin da ke farautar irin waɗannan kafofi sukan ƙarar da kuɗin asusu cikin dare ɗaya ta hanyar tura saƙonni zuwa lambobin ƙasashen waje masu tsada, don haka a nemi kamfanin ya rufe duk ƙasashen da ba ka hulɗa da su, a kuma sa iyakar abin da za a iya kashewa a yini.

Lambobi, wa'adi da gwaji

A tsaftace lambobi kafin su shiga mashiga, a rubuta kowace da lambar ƙasa ba tare da sifilin farko ba: 966 ga Saudiyya, 234 ga Najeriya, 227 ga Nijar, 249 ga Sudan. Alhajin da ke zaune a unguwar Misfala a Makka da layinsa na Najeriya, saƙonsa ta hanyar kamfaninsa na gida zai bi, da farashin can da ƙa'idojin can, ciki har da tsarin toshe talla na 2442 da hukumar NCC ta kafa. Don haka a tambayi mai ba da haɗi ko yana da hanyar sanarwa ta musamman zuwa Najeriya, a kuma tanadi yadda za a sabunta lambar duk wanda ya sayi sim na Saudiyya bayan isowarsa.

Kowane saƙo yana da wa'adin da cibiya za ta ci gaba da ƙoƙarin isar da shi. A Mina da Arfa, inda mutane sama da miliyan 1.8 suka taru a hajjin 2023, waya tana iya rasa sabis na ɗan lokaci, kuma sanarwar tashin mota da ta iso bayan sa'a biyar ta fi rashin zuwanta illa. Irin wannan a ba ta wa'adin minti 30. Saƙon da za a aika wa iyalai a Sudan kuwa, inda sabis ke yawan yankewa tun ɓarkewar yaƙi a watan Afrilu na 2023, gara a ba shi wa'adi mafi tsawo da aka yarda. Agogon kwamfutar ya riƙa daidaita kansa ta NTP, tsarin daidaita agogo ta intanet, kundin ayyuka ya kasance a kan UTC, wato lokacin duniya na bai ɗaya, a tuna cewa Makka tana gaban Khartoum da sa'a ɗaya, tana gaban Kano da Yamai da sa'a biyu.

Kafin a fara aiki na gaske, a gwada tsarin da cibiyar kwaikwayo irin fakesmsc da ke zuwa tare da Kannel, a tura ninki biyu na adadin da aka lissafa, ana kallon tsawon jerin jira. Ana tsakiyar turawar a zare wayar faiba a ga ko layi na biyu ya karɓa, a kashe wutar ɗakin a auna mintocin da UPS zai yi, a sake kunna manhajar a ƙirga ko wani saƙo ya ɓace ko ya fita sau biyu. Bayan haka a tura saƙon gaske mai ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ da kuma Larabci zuwa sim na kowane kamfani uku, da wata ƙaramar waya mai maɓallai, domin wasu tsofaffin wayoyi ba su da siffar waɗannan haruffa, sai su nuna akwati a madadinsu.

A nan ne modem mai sim ɗaya ke da amfani: a haɗa shi da na'urar sa ido, ya riƙa turo wa mai kula da tsarin gargaɗi idan haɗin SMPP ya faɗi ko jerin jira ya yi tsawo, tun da mashigar da ta mutu ba za ta iya sanar da mutuwarta ba. A duba ƙarfin sabis ɗinsa da umarnin AT+CSQ, wanda ke ba da lamba daga 0 zuwa 31; idan ta gaza 10 a fitar da eriya kusa da taga ko wajen ɗaki. Rajistar sunan mai aikawa da kafa VPN sukan ɗauki lokaci saboda suna bi ta hannun ofisoshi da yawa, don haka kamfanin alhazai ya fara su tun cikin Shawwal, ya kammala gwaji a Zulƙida, kuma daga 1 ga Zulhajji kada a sabunta manhaja ko a taɓa saitin katangar tsaro har sai an gama jifa.